Yadda Za Ka Tsira da Gashin Bakinka Bayan An Gano Wanda Ya Kashe Manaja

Ɗan'uwa, samu wuri ka zauna, na san abin da ya kawo ka. Wata tara kana kallon "Wa Ya Kashe Manaja?" duk yammacin Asabar, ka cika wa jama'a kunne cewa kai tuni ka gano makashin, har bakinka ya ja ka ka jinginar da wani abu na jikinka a kan maganar. An nuna kashi na ƙarshe, ga ka nan kana zufa. Kwantar da hankalinka. Matakan nan takwas ne, duk an gwada su, kuma ina ba ka tabbaci ɗari bisa ɗari: wanda ya bi su yadda na tsara, ba mai taɓa masa ko sili ɗaya.

Ga wanda Allah ya tsare bai kalli shirin ba, ga abin da ya faru. An tsinci gawar manajan wani kamfani a ofishinsa tun kashi na farko. Aka yi kashi talatin da biyar ana nuna mana matarsa tana kuka da ido ɗaya, sakatariyarsa tana ƙona takardu, direbansa yana waige-waige, mai binciken kuwa yana tsaye bakin taga yana shan shayi. A kashi na talatin da shida, saura minti bakwai a tashi, wani ƙato da ba mu taɓa ganin ko ƙeyarsa ba ya shigo ofishin 'yan sanda da ƙafarsa. Ya ce shi ya yi kisan, kuma a yi haƙuri, ɓatan ƙofa ya yi, mutumin hawa na sama aka aiko shi ya kashe. Mai binciken ya ajiye kofi ya ce dama ya yi zargin haka. Aka sa kiɗa.

Misalan da zan kawo na wani abokina ne, mai gyaran agogo, wanda 'yan layinsu ke kira Sufeto. Shi ya lura tun kashi na huɗu cewa agogon direba yanzu yana hannun hagu, anjima yana dama. Ya tsayar da hoton a waya, ya maƙala gilashin aikinsa a ido, ya yanke hukunci: direbobin biyu ne, tagwaye, ɗaya na tuƙi, ɗaya ya yi kisa. A shagon mai aski da ke jikin nasa ake taruwa kallo, to a nan ya miƙe ya ce in ba tagwaye ba ne, a aske masa gashin baki a kujerar nan, a gaban kowa. Gashin bakin shekara ashirin da biyu, wanda ya girmi aurensa, ko matarsa ba ta san abin da ke ƙarƙashinsa ba.

Mataki na 1: Riƙe fuskarka

Da ƙaton ya rufe baki, shago zai yi tsit, sai ƙarar fanka. Kowa zai juyo, kuma ba idonka suke kallo ba, ƙasan hancinka suke kallo. Kada ka kai hannu wurin. Abokina ya kai, wannan ne kuskurensa na farko.

Gyaɗa kai a hankali, ka ce "Uhm," irin na likitan da ya ga ciwon da ya daɗe yana tsammani. Masana sun tabbatar cewa wanda ya iya "uhm" ya gama rabin karatun duniya, sauran rabin gyaran murya ne.

Mataki na 2: Riga su zagi

Mutanen nan cike suke da haushi, inda za su juye shi suke nema. Kada ka bari ya zama kai. Nuna musu talbijin. Ka ce, "Wata tara fa. Matar da ta ɗauki ciki ranar da aka fara shirin nan ta haihu, su kuwa ɓatan ƙofa suka haifa mana." Tambaye su takardun me sakatariya ta yi ta ƙonawa. Tambaye su ina makullin da aka yi kashi shida ana nema. Kada ka tausaya wa marubucin, duk abin da ka faɗa ya cancanta. Ni a zatona a tsaye ya rubuta ƙarshen nan, mota na jiransa a waje.

Abokina ya yi wannan da kyau. Shago ya ɗauka, har wani direban tasi ya cire takalmi zai jefi allon, aka riƙe shi. Mai aski ne kaɗai bai sa baki ba. Yana gefe yana goge kilifa da ɗan burushi, yana ɗiga mata mai. Sai da hayaniya ta lafa ya ɗago kai.

"Sufeto, yau ko gobe?"

Ka rubuta wannan ka ajiye: ba a yin alkawari da mutumin da kayan cika alkawarin ke rataye a bangonsa.

Mataki na 3: Gyara abin da ka faɗa

Ba wanda ke tuna zancen wata takwas baya kalma da kalma. Saboda haka ka ce, "Ni cewa na yi akwai mutum biyu a lamarin. To ba ga shi ba? Wanda aka kashe, da wanda aka yi niyya." Faɗi da ƙarfi, kana kallon wanda ya fi kowa mantuwa a wurin.

Sharaɗi ɗaya ne: ka tabbata ba a naɗi muryarka ba. Mai askin nan mugu ne, ya naɗa. Ya haɗa wayarsa da lasifikar shago, sai ga muryata, wato muryar abokin nawa, tana cewa "tagwaye" har sau biyar, tana ƙarawa da "wanda bai gane ba ya je a duba masa ido." Wani tela ya roƙi a maimaita, aka maimaita masa.

Mataki na 4: Nemi wanda ya fi ka kuskure

Kada ka ɓata lokaci da masu kumfar baki. Wanda ya rantse ya daina kallon talbijin har abada, ran Asabar shi zai riga kowa kama benci. Shi kuma telan, wai shi dama ba kallo ke kawo shi ba, iskar fanka yake zuwa sha. Mutumin da ya yi kwana biyu ba ya amsa gaisuwa bayan an mari sakatariya a shirin! Irin waɗannan ba su da amfani, yau suna zagin shiri, gobe suna neman wanda zai tura musu kashin da ya wuce su.

Wanda kake nema shi ne wanda hasashensa ya fi naka lalacewa, ka fake a bayansa. A layin abokina mai kemis ne, wanda ya dage har ƙarshe cewa Manaja bai mutu ba, ɓuya ya yi. Abokina ya je ya ce masa su haɗa kai, tunda jirgi ɗaya ya kwaso su. Mai kemis ya gyara tabarau.

"Ni kuskure na yi, Sufeto. Kai alkawari ka yi."

Ya miƙo masa man shafawa na bayan aski, ya ce kyauta ne.

Mataki na 5: Ka ce ba a rufe shari'ar ba

Wannan shi ne babban makaminka. Ka ce ƙaton nan turo shi aka yi, tagwayen ne suka saye shi, kuma a zango na biyu gaskiya za ta fito. Mai hankali ba ya yanke hukunci kafin zango na biyu. In ka iya taka rawarka, za ka ja shekara guda, kafin nan ko an manta ko mai askin ya tashi daga layin.

Abokina kwana uku ya samu. Ran Talata da rana aka gayyaci ɗan wasan da ya fito a direba gidan rediyo, duk shagunan layi a kunne. Aka buɗe layin waya. Wani mai sauraro ya bugo ya ce a fayyace wa duniya sirrin agogon da ke sauya hannu. Ɗan wasan ya yi dariya har da tari.

"Agogo? Ai maɗaurinsa ne na roba, ƙaiƙayi yake sa ni. In hagu ta yi ƙuraje sai in mayar dama. Ashe akwai wanda ya lura?"

Ya ƙara da cewa babu wani zango na biyu, an riga an mayar wa mai gida makullin ofishin da suka ara.

Darasi: kada ka buga waya. In kuma dole sai ka buga, kada ka fara da cewa "Sufeto ne, mai gyaran agogo." To, shi ke nan, ni ne, ai ka daɗe da ganewa. Kuma gaskiya wannan ta fi askin yi min ciwo. Ni da nake canza irin maɗaurin nan sau goma a mako, ina gaya wa mutane da bakina cewa robar tana sa ƙuraje, ni ne na zauna da gilashi a ido na ga tagwaye.

Mataki na 6: Sa takunkumi

Sauya hanya ba zai yi maka ba in bango ɗaya ya raba shagonka da na mai aski. Sa takunkumi ka ce mura ce. Ni na sa. Mai aski ya leƙo ya yi min sannu, ya ce Allah ya sawwaƙe, kuma ba sai na cire duka ba, ɗagawa kaɗan zan yi.

Yi haƙuri da masu zuwa da matattun agogunan da suka shekara a aljihun tebur, ba don gyara ba, don su tambaye ka a wane hannu ya kamata su ɗaura. Waɗannan 'yan iska ne, ka ƙyale su. Wanda za ka ji tsoro shi ne mai zuwa ba dariya. Ni tsohon hedimasta ne ya zo min, dattijon da na shekara goma sha biyar ina yi wa gyara. Ya ce in ba shi agogonsa haka nan, ko ban gama ba. Na ce ranka ya daɗe, ai Alhamis na ce maka.

"Na ji, Sufeto. Amma ai gashin bakin ma cewa ka yi za a aske."

Ya karɓi abinsa, ya naɗe a hankici, ya tafi. Na zauna na rasa abin da zan taɓa a kan teburin.

Mataki na 7: Kada ka nemi tausayi a gida

Musamman in matarka irin tawa ce. Tun ranar kashi na huɗu, tana ninke kaya, ta leƙo wayata ta ce, "Maigida, ƙaiƙayi yake masa, ba ka ga yana sosawa ba?" Na ce ta bar bincike ga masu shi. A gaban surukata na faɗa, wadda take zaune da mu, kuma ita Inna ba ta mantuwa.

Da ta yi min gori da na ji sauƙi. Ina! Mako guda ba ta ɗaga maganar ba. Sai ta kawo shayi, ta ajiye, ta tsaya tana kallon gashin bakin kamar mai rakiyar baƙo tasha. Inna kuwa kullum sai ta tambaye ni lafiyar maƙwabcina mai aski, ta ce in gaishe shi.

Mataki na 8: Je ka zauna da ƙafarka

In ka bi bakwai ɗin nan daidai, ba za ka iso nan ba. Na sa shi ne don cike lissafi.

Tafi da sassafe, kafin layi ya cika. Ni na je mai aski yana share ƙofar shago, na ce ga ni, a yi a gama. Ya yafa min tawul, ya zaunar da ni, ya ce ai "a gaban kowa" na ce, shi kuma ba ya son ya tauye min alkawari. Ya tura saƙo ta waya a guruf ɗin 'yan layi. Kafin minti goma benci ya cika, har da wanda ya daina kallon talbijin har abada. Hedimasta ya zo da kujerarsa.

Mai aski ya kunna kilifa, ya sunkuyo da ladabi.

"Sufeto, ta wane hannu zan fara, hagu ko dama?"

Rufe ido a nan. Aikin bai kai minti ɗaya ba, shekara ashirin da biyu suka zube a kan tawul. Da na buɗe ido, sai ga wani mutum a madubi mai dogon leɓe, wurin fari fat kamar inda aka cire agogo daga hannu. Ban san shi ba, kuma bai burge ni ba. Ba wanda ya yi dariya da ƙarfi, wannan ma wani wulaƙancin ne. Hedimasta ya taso, ya warware hankici, ya ɗora min agogonsa a cinya, ya ce Alhamis.

Da azahar na koma gida, na yi sallama. Matata ta fito, ta dube ni sama da ƙasa, ta ja mayafi ta rufe kai.

"Malam, maigidan ba ya nan."

Na ce ke, ni ne. Ta ƙara duba, sannan ta juya ta ɗaga murya.

"Inna, fito ki gani. Ashe gaskiyarsa, tagwaye ne. Ga ɗayan ya zo."

Sanarwa

Matakan nan lafiyarsu ƙalau, wanda ya gwada su ne aka samu matsala da shi. Marubuci ba ya ɗaukar alhakin gashin baki, gira, suna ko girman gida da wani ya rasa ta dalilin bin su. Wanda aka naɗi muryarsa, shi ya sani. Wanda ya buga wa rediyo waya, shi da Allah. Mai ƙorafi ya kai wa marubucin shirin, in ya gane ƙofar ofishinsa.

In kuma dole sai ka gan ni, shagona na jikin na mai aski. Za ka tarar da wani mai dogon leɓe yana gyaran agogon hedimasta. Kada ka yi masa maganar, ba ruwansa, ɗan'uwana ne yake riƙe min shago. Ni sai nan da wata uku, in gashin ya fito.