Famfon da Ke Bin Kyamarar Kuluwa

A wani gari da ake kira Lafiyalau, inda rijiya ta ƙarshe ta ƙafe shekara goma sha ɗaya da suka wuce, an yi wata mata mai suna Kuluwa. Sana'arta haɗa finafinan tarihi da na rayuwar jama'a tana kai wa gidajen talabijin. Ba ta ƙarƙashin kowa, kyamara ɗaya gare ta tak. Ta ƙudurta sai ta nuna wa duniya yadda matan garinsu ke tafiyar rabin yini neman ruwa, ko wani zai gani ya tausaya.

Labari ya kai kunnen Mai Gari, Alhaji Sai-Godiya. Majalisa ta zauna. Ba a hana ta ba, domin Lafiyalau gari ne mai 'yanci. Sai dai an naɗa wani ƙato, Ɗanlasan, Sarkin Gyaran Fuska, aka ba shi tankar ruwa ɗaya, famfo ɗaya da gwangwanin fenti.

Washegari Kuluwa ta isa Unguwar Haƙuri, ta tarar da famfo a bakin hanya, ruwa na zuba shaa. Tiyo ya bi ta bayan katanga zuwa tanka.

"Ranka ya daɗe, yaushe aka kafa wannan?"

"Tun zamanin kakanni," in ji Ɗanlasan, yana goge ɗanyen fenti a jikin rigarsa.

Ta kashe kyamara cikin fushi. Nan take ruwa ya ɗauke, aka tumɓuke famfo aka ɗora a baro. Ta nufi Unguwar Sai-Gobe, famfo ya riga ta. Ta hau acaba ta bi ta lungu, ashe mai baro ya fi ta sanin lungu. Ranar Laraba ta yi kamar za ta gabas ta juya yamma, sai da famfon ya kusa bige ta a kwana.

Iya Tasallah mai daddawa ce ta fara gano bakin zaren. Ta riƙo mayafin Kuluwa.

"'Yar nan, in jar fitilar abin nan tana ci, ruwa na zuwa, ko?"

"Haka ne, Iya. Amma ai ƙarya ce."

"Ƙaryar ta cika mini tulu biyu. Kunna."

Kuluwa ta dubi layin bokitai har ƙarshen unguwa, ta kunna. Minti goma ta yi niyyar ɗauka, ta ɗauki kwana tara. Mata suka kafa mata rumfa, ana damo mata fura, masu cajin waya na ta canza mata batir. Aka yi wanka, aka wanke tabarmi, wani dattijo ya wanke akuyarsa har sau biyu. Ɗanlasan na tsaye yana murmushin dole, tanka na zuwa tana komawa.

"Hajiya, fim ɗin bai isa ba?" yakan tambaya a hankali.

"Yanzu aka fara!" in ji matan baki ɗaya.

Rana ta goma kyamara ta yi zafi ta mutu. Kafin hayaƙinta ya baje, famfo na kan baro.

Kuluwa ta zauna tace hoto, ta nemi fuskar mai ƙishirwa ko ɗaya, babu. Sai ta ɗora muryarta a kai, tana bayyana cewa duk shiri ne. Manajan Gidan Talabijin na Gani-da-Ido ya kalla, ya yaba.

"Aiki ya yi kyau, Hajiya. Surutun ne kawai ya yi yawa."

Ya cire muryar, ya sa kiɗan kalangu. Aka nuna fim ɗin sau uku, aka ba Mai Gari lambar yabo.

Bayan mako guda, mutanen ƙauyuka bakwai suka sauka a Lafiyalau da jakuna da jarkoki, sun zo garin da ruwa ya yi wa yawa. Majalisa ta sake zama. Aka yi shela cewa ba za a bari baƙi su ƙaryata tarihi ba, don haka kowane gida zai riƙa kawo ruwa bokiti biyu ƙofar fada kullum da hantsi, a raba wa baƙin.

Ɗanlasan da kansa ya kai wa Kuluwa saƙon.

"Ke da kika fito da sunan garinmu," in ji shi, "an karrama ki. Uku za ki kawo."