Ranar da Na Nome Albasar Baba

Ba zan taɓa mantawa ba da safiyar da Inna ta jawo ni cikin aikin da ban nema ba. Ina kwance abina a zaure ina latsa waya, ban tsokani kowa ba, sai ga ta a kaina.

"Kai Sanusi, ƙaton banza, tashi ka kauda min bokitin ga. Shi kaɗai, ka dawo ka ci gaba da mutuwarka."

(Ku kiyayi tsohuwa in ta ce "shi kaɗai".) Na ɗauke bokiti, sai na ga datti a ƙarƙashinsa, na share. Da na share nan sai sauran tsakar gida ya koma kamar kasuwar Mafara bayan an watse, na haɗa duka. Kafin in farga na wanke randa, na ɗaure igiyar shanya, har ƙyauren bayi da kullum nake cewa "gobe" na buga masa ƙusa. Matan maƙwabta suka fara leƙe ta katanga. Na ji wata na cewa, "Ikon Allah, Sanusi na da tsintsiya? Ko aure za a yi mishi?"

Yabon nan shi ya kashe ni. Na cire riga, na saɓi fartanya, na nufi lambun bayan gida kamar an aiko ni daga gwamnati.

Can gefen rijiya na tarar da wani fangali cike da ciyawa siri-siri, kore shar, ta yi cunkus. Na ce lallai Baba ya tsufa, dubi yadda ya bar wuri ya lalace. Na duƙa na nome ta tas, ko ɗaya ban bari ba. Wasu tsirrai masu faɗin ganye da ke gefe kuwa na ga sun yi kama da abin arziki, na yi musu ban ruwa har da tattaɓa ƙasa. Ina cikin yi ina jin ƙamshin albasa, idona na yaji, na ce yau Inna ta ji daɗina, miya ta musamman take yi min.

Bayan la'asar Baba ya shigo da Kawu Bello, ƙanen Inna, wanda ya taso tun daga Bakura da buhu a bayan babur. Ashe irin albasa ya zo ɗiba. Baba ya yi makonni yana rainonsa, za su raba, kowa ya je ya dasa a gonarsa ta ruwan Bakolori. Ni kuwa na tare su da ƙirji a waje, na ce, "Baba, zo ka ga aiki."

Baba ya tsaya a bakin fangali. Ya dubi ƙasa, ya dube ni, ya sake duban ƙasa.

"Ina irin?"

"Wane iri? Ciyawa dai, ga ta can na zuba ma akuya."

Muka juya gaba ɗaya. Akuya ta shinshina tulin, ta yi atishawa, ta juya mana baya. Kawu ya nuna tsirran da na shayar, ya ce, "Wanga hwa? Ƙaya ka ba ruwa, ɗana?" Dariya ta hana shi tsayuwa, sai da ya zauna a kan buhunsa. Ta saman katanga ma na ji ana shewa.

Noman albasar bana ke nan na aika lahira da hannuna. Sati na yi ina bin Baba gonakin mutane muna roƙon ragowar iri, duk inda muka je sai an ce, "Shi na wanga?" Yanzu in zafin aiki ya ɗebe ni, nakan tsaya in shinshina abu kafin in sare shi.

Amma a ranar ban yi shiru ba, kun san ni da baki. Na ce, "Baba, a gaskiya ba laifina kaɗai ba ne. Abu kamar ciyawa, ba alama, ba a rubuta albasa a jiki ba, ta yaya mutum zai gane?"

Baba ya karɓe fartanyar daga hannuna a hankali, ya ce, "Ita akuyar wa ya rubuta mata?"