Sandar Fatsar da Na Sa Aka Haɗa wa Baba

Ba zan taɓa mantawa da yammacin da na kai Baba bakin dam ba, kuma ba don ban yi ƙoƙarin mantawar ba. Har yau in abin ya faɗo mini a rai sai in ji kamar ƙasa ta tsage in shige. A garinmu ana ba da labarin ana dariya, ni ma nakan taya su, amma dariyata ba ta kaiwa ƙarshe.

Mahaifina manomi ne a wani ƙauye kusa da Ƙarfi, mai noman masara da dawa da auduga, amma abin da ya fi so a duniya bayan iyalinsa shi ne fatsa. Da zarar an kai amfanin gona gida, ruwan dam ya fara ja da baya, kullum bayan la'asar za ka gan shi da doguwar gorarsa a kafaɗa da gwangwanin tana a hannu, shi da amininsa Malam Tanimu da sauran 'yan majalisarsu. Ba wani kifin kirki suke kamowa ba ('yan ƙarfasa ne da Inna kan ce ba su kai man da za a soya su ba). Hira ce dai da tsokanar juna. Ni ban gaji wannan ba. Shagon taki da maganin feshi nake da shi a Malumfashi, kuma iyakar sanina da kifi shi ne in gan shi a faranti.

Sai ciwo ya zo. Wata safiya da damina Baba ya yanke jiki ya faɗi a gona, aka kwashe shi zuwa asibiti a Funtua, likita ya ce hawan jini ne ya shanye masa ɓarin dama. Allah Ya taimaka baki ya dawo, ƙafa ma ta dawo har yana takawa da sanda. Saura hannu. Duk wanda ya tambaye shi sai ya ce, "Da sauƙi, yana dawowa a hankali." In masu dubiya sun zo sai ya tallafo hannun daman da na hagu ya miƙa, yadda ake yi wa manya don girmamawa, a ɗan taɓa a saki, ya mayar da shi cikin riga. Har mutane suna cewa ciwo ya ƙara wa Malam tawali'u. Ya kuma daina cin abinci a zaure da jama'a, sai a ɗaki shi kaɗai. Duk na ga wannan da idona, amma kaina bai kawo komai ba. An ce mini da sauƙi, na karɓa na sa aljihu.

Abin da ya dame ni shi ne zamansa a ƙofar gida da yamma. Malam Tanimu zai zo wucewa da gora a kafaɗa, ya tsaya ya ce, "Yaushe za ka tashi ne, raggo? Kifin dam na ta cigiyarka." Baba ya yi dariya ya ce, "Bari hannu ya ƙara ƙwari, gorar nan da nauyi." Sai ya bi su da kallo har su sha kwana. Wannan kallon ya hana ni sukuni. Na ƙudurta a raina cewa ko ta halin ƙaƙa sai na mayar da Baba bakin ruwa, kuma tunda nauyin gora ne matsalar, to ni zan kawo maganinta.

In kasuwa ta yi sanyi a shago nakan kalli bidiyo a waya, kuma a nan na ga masu kamun kifi da wata 'yar siririyar sanda mai ɗan keken naɗe zare. Ba tana, ba zaman jira. Ɗan kifin roba ne mai ƙugiya a ciki da jela, ka wurga, ka riƙa jawowa a hankali, kifin gaske ya ɗauka abinci ne ya cafke. Wani mai sayen taki a wurina ya haɗa ni da wani mutum a Kaduna da ke haɗa irin waɗannan sanduna yadda mai saye yake so. Muka fara waya, yana tambaya ina amsawa kamar wanda aka haifa a cikin kwalekwale.

Ya ce ruwan da zurfi? Na ce da rani iyakarsa gwiwa, ga ciyawa a ƙasa. Ya ce to gajeriyar sanda za a yi, mai laushin kai, da kifin robar da ke yawo a saman ruwa don kada ya riƙa maƙalewa. Ya ce wane kifi ake nema? Na ce tufi (sunan da na taɓa ji a bakin Baba ke nan, da an jera mini shi da tarwaɗa ba lalle in bambance ba). Na jaddada masa cewa dattijo ne mai raunin hannu, ina son sandar da ba ta fi karan dawa nauyi ba. Ya ce, "Alhaji, wadda zan haɗa maka, ko kifi shafar zaren ya yi sai an ji a tafin hannu." Daga nan ya tambayi da wane hannu mai ita yake riƙewa. Ko numfashi ban ja ba na ce dama.

Har wata dabara na yi da na daɗe ina yabon kaina a kanta. Na ɗauko tsohuwar fartanyar Baba, wadda tafin hannunsa ya cinye ƙotarta har ta yi gurbin yatsu, na cire ƙotar na ba direba ya kai Kaduna don a sassaƙa mariƙin sandar daidai da ita. Inna ta gan ni ina cirewa ta tambaye ni dalili. Da na yi mata bayani sai ta ce, "Da ka bar shi ya huta." Na ce ai hutun ne ke kashe shi. Ta buɗe baki kamar za ta ƙara wani abu, sai ta dubi ƙofar ɗakinsa ta ce, "To, Allah Ya sa alheri." Ni kuwa na ɗauka irin tsoron nan ne na iyaye mata.

Sanda ta iso, baƙa siririya, sai sheƙi take yi. Na yi 'yan kwanaki ina koyon wurgi a bayan shago. A nan na kamo zanen matar maƙwabcina daga kan igiyar shanya, na kuma kusa raba wata akuya da kunnenta. Mai hankali da ya tsaya ya yi tunani. Ni sai na ce hannuna ya faɗa.

Da ma a ce daga ni sai shi muka je, da da sauƙi. Ina! Ai ni biki na shirya. Na bi 'yan majalisarsu gida-gida na ce ranar Asabar Baba zai dawo fatsa. Na sayo ƙosai da lemo, na ari motar abokina, na ɗauko kujerar roba. Da na gaya wa Baba sai ya ce, "Kai, mi ya kai ka wannan ɗawainiya?" (Ni ne ɗan fari, bai taɓa kiran sunana ba, "kai" ɗin nan shi ne sunana.) Na ce an riga an gaya wa su Malam Tanimu. Ya daɗe yana kallona, sannan ya ce a miƙo masa babbar rigarsa.

Bakin dam ya cika fiye da yadda na zata, don har masu ban-ruwan tumatir sun baro lambu sun zo kallon sandar Turawa. Na zaunar da Baba a kujera, Malam Tanimu ya zauna kusa da shi a kan dutse. Na durƙusa na miƙa masa sandar da hannu biyu. Ya dube ta, ya shafa mariƙin da hannun hagu, na ga ya gane gurbin yatsunsa. Bai karɓa ba. Ya ce, "Fara nuna mana yadda ake yi tukuna."

Abin da nake jira ke nan. Na miƙe na yi musu lacca. Na bayyana laushin kan sanda, na bayyana dalilin da ya sa kifin roba ya fi tana, a gaban mutanen da suka fara fatsa tun ba a haife ni ba. Suka gaji da ni, Baba da Malam Tanimu suka koma hirar tsadar taki. Na ce bari in burge su. Na juya musu baya, na fuskanci ruwa, na kai sandar baya da ƙarfi zan wurga. Sai na ji ta riƙe.

Ban waiwaya ba. Akwai 'yan ƙayoyi a bayanmu, na ɗauka su ne. Na fizga, ta ƙi. Na ce da ƙarfi don kowa ya ji, "Ba komai, ciyawa ce, haka take yi." Na sake fizga. Kan sandar ya lanƙwashe, kuma gaskiyar mutumin Kaduna, ina jin komai a tafin hannuna, abu ne mai nauyi da taushi yana biyowa yana komawa. Sai na lura masu tumatir sun yi tsit, ɗaya ya dafe kai yana salati.

Na juya. Ƙugiyar ta nutse a bayan hannun Baba na dama. Zaren ya zaro hannun daga cikin riga ya ɗaga shi sama da gwiwarsa, yatsun suna reto, jini na bin hannun rigar. Baba kuwa fuskarsa na wajen Malam Tanimu, yana tsakiyar ba shi labarin wani dillalin taki, har da murmushinsa. Bai sani ba. Sau biyu na fizgi naman hannun mahaifina da ƙarfina, bai ji komai ba.

Fuskar Malam Tanimu ce ta sa ya yi shiru. Ya bi inda idon amininsa yake kallo, ya ga hannunsa a rataye da ɗan kifin roba mai jan ciki. Na saki sandar, hannun ya faɗo kan cinyarsa kamar tsumma. Ban san sanda na zube a gabansa ba, ina ta "Baba, sannu, Baba, yi haƙuri," kamar sannun za ta mayar da abin da kowa ya riga ya gani.

Malam Tanimu ya karɓi filaya wurin wani mai injin ban-ruwa, ya kama hannun yana lallaɓawa. Baba ya ce, "Cire kawai, Tanimu. Ba sai ka lallaɓa ba, ba ya ji."

"Tun yaushe?"

"Tun ranar da na faɗi."

Malam Tanimu ya tura ƙugiyar ta ɓullo, ya datse bakinta, ya zare, ya yage gefen rawaninsa ya ɗaure wurin. Yana ɗaurewa hawaye na sauka a gemunsa. Baba ne ya cece mu. Ya dubi jama'a ya ce, "To, ku shaida. Duk shekarun da na yi a dam ɗin nan ban taɓa kama abin da ya kai wanda yaron nan ya kama yau girma ba." Aka yi dariya, irin wadda ake yi don kada a yi kuka. Ƙosai dai ba wanda ya taɓa shi.

Muka biya kemis aka wanke ciwon aka yi masa allura. A hanyar gida na kasa haɗa ido da shi ko ta madubi. Sai da muka kusa shiga gari na samu bakin cewa ya yafe mini. Ya ce, "Mi ka yi? Hannun da ba ya ji ka kama. Da na hagun ne da mun yi rigima." Sannan ya ce, a hankali, yana kallon gonaki ta taga, "Tanimu kaɗai ya rage yana ce mini raggo. Kowa sannu yake mini. Yanzu shi ma sannu zai koma."

Haka kuwa aka yi. Washegari Malam Tanimu ya zo ba gora a kafaɗa, ya zauna, ya ce, "Sannu, Malam. Ya jikin?" Ina tsaye a zaure na ji, na ga Baba ya sunkuyar da kai ya ce da sauƙi. Daga ranar 'yan majalisar suka sauya hanya, suna zagayawa ta bayan masallaci in za su dam, wai don kada ya gan su ransa ya ɓaci. Ya ci gaba da zama a ƙofar gida da yamma, amma ba mai wucewa balle ya bi shi da kallo. Bai ƙara ganin wata kakar ba, Allah Ya karɓi abinsa. Allah Ya jiƙansa, Ya sa ya huta.

Ni na so in mayar masa da fatsa, sai na raba shi da ɗan abin da ya rage masa, wato abokin da bai san hannun ya mutu ba. Darasi kuwa na samu, har guda biyu, duk da ba wanda ya aike ni nemansu. Na farko, in za ka wurga ƙugiya ka fara waiwayawa. Na biyu ya fi tsada: in dattijo ya ce maka abu ya yi masa nauyi, kada ka yi gaggawar nemo masa marar nauyi, balle ka tara masa 'yan kallo. Ka zauna kusa da shi ka ce, gaskiya ne Baba, da nauyi.