Allurar Kyaftin Maitama

Alhaji Maitama yana da shekara sittin da takwas, talatin daga ciki ya yi su yana ba da magani a wani kanti a garin Gaithersburg na Amurka. Bara ya yi ritaya, bana ya zama Kyaftin. Ba wanda ya naɗa shi. Babban mutum ba ya jiran masu naɗi.

Tushen sarautar wani tsohon jirgin sama ne mai kujera biyu, ƙirar 1941, wanda wasu 'yan sa-kai ke farfaɗowa a wata rumfa kusa da College Park. Alhaji ya shiga cikinsu, ya sayi hular matuƙa da baƙin tabarau. Duk Juma'a in an sallame, sai ya tsaya a bakin masallaci ya ilmantar da jama'a.

"Mu a harkar jirage, kuskure ɗaya rai ne. Injin nan ya kusa tashi, ina kansa."

Gaskiya ya taɓa zuwa kan injin, sau ɗaya. Pauline, tsohuwar bakanikiyar da ke shugabantar aikin, ta ce ya miƙo sifana, ya miƙo filaya. Ta tura shi wajen fiffike. Jiragen wancan zamani da yadi ake rufe fikafikansu, a ɗinke shi jikin katako da allura mai tsawon kamu guda, ƙulli bayan ƙulli. Injiniyoyi uku sun gwada, yadin ya tattare. Alhaji ya karɓi allurar da yatsa biyu kamar mai ɗaukar mushen ɓera, ya yi layi ɗaya. Pauline ta auna da rula, ta kira kowa ya zo ya ga kyan aiki. Daga ranar ɗinkin ya koma hannunsa.

Abin da ba ta sani ba, Alhaji kuma ya shekara arba'in yana addu'ar kada a sani a Amurka, shi ne a shagon ɗinkin mahaifinsa ya tashi a Fagge. Ko matarsa, Hajiya Saudatu, ce mata ya yi tsohon nasa "babban dillalin masaƙu" ne. Amma barewa ba ta gudu ɗanta ya yi rarrafe.

Ranar ƙaddamar da jirgin, mota goma sha ɗaya ya gayyato, har da mutanen Woodbridge da suka sha cunkoson hanya don ganin injin Kyaftin. Ranar wanka ba a ɓoyon cibi. Pauline ta yaye allon sunayen ma'aikata da aikin da kowa ya yi, ta ce a duk aikin nan ɗinkin ne abin alfaharinsu, ta sa aka tafa wa mai shi. Abokinsa Inusah, mutumin Kumasi, ya gyara tabarau ya karanta allon sau biyu.

"Alaji, ashe Kyaftin ɗin na allura ne?"

"Wannan ba ɗinki ba ne, Inusah. Injiniyancin yadi ne."

Hajiya Saudatu ta shafa fiffiken, ta duba ƙullin sosai.

"Alhaji, shekara talatin ina aika kayana Kano a rage mini, ashe tela yana gidana yana cin tuwona."

Jirgin ya tashi lafiya ranar. An yi wa Kyaftin tayin kujerar baya, ya ce gwiwa ta hana.

Asabar da ta wuce, da hular matuƙa a kansa, ya rage wa Inusah tsawon wando.