Tabon Kurkum a Farar Jallabiya

Ba zan taɓa mantawa da wannan taro ba, ko da yake shekaru sun ja, mai yiwuwa na haɗa wani abu da wani.

Lokacin ina aiki a ƙaramin asibitin wata masana'anta a Jidda, da sabon digirina na lafiyar al'umma. Leburorinmu, yawanci 'yan Nijar da Chadi, in baya ya riƙe su ba wurinmu suke zuwa ba. Wurin Hakim suke zuwa, wani tsohon Ba'indiye mai gadin sito, wanda ya gaji haɗa magani daga kakanninsa. Sai mudir, wato manajanmu, ya kira taro: ko a ba Hakim ɗaki a asibiti ranar Alhamis, ko a hana shi taɓa kowa.

Na yi kwana uku ina shiri. Na miƙe da takarduna na ce, a iya sanina, ba tare da raina kowa ba, ban ga hujjar da za ta sa a yarda da maganinsa ba. (Abin da ban faɗa ba: sati biyu kenan ina laɓaɓawa sito da sassafe yana shafa mini haɗin kurkum a ƙugu, kuma na fara iya ruku'u.)

Na'urar sanyaya ɗaki ta lalace, gumi ya jiƙa ni. Na juya zan yi rubutu a allo, sai kowa ya zuba wa bayana ido. Ashe kurkum ya huda farar jallabiyata, rawaya sosai, launin da kowane lebura ya sani a jikin tasa rigar.

Alhaji Isufu, dattijon leburorin, ya yi gyaran murya. "Likita, mun ji bakinka. To a bar bayanka ma ya ba da shaida."

Har mudir sai da ya dara. Hakim kaɗai ne bai yi ba. Ina neman raba shi da aikin hannunsa, amma bai tona asirin majinyacinsa ba. Wannan ya fi dariyar ƙona ni.

Na ce gaskiya na ji sauƙi, amma ban san dalili ba, don haka a riƙa rubuta abin da yake bayarwa da yadda aka ƙare. Mudir ya ce halas, shi ke nan, a ba shi ɗakin, ni in riƙe littafin. Sunana ne na farko a ciki.

Tun ranar, kafin in ce ban ga hujja ba, sai na duba bayana.

Wanda ya halarta ya ga na yi kuskure, ya aiko a gyara. Ban da girman tabon; Alhaji Isufu yana ƙara masa faɗi duk shekara.