Ranar da Na Kulle wa Kawu Laburare

Akwai wata Asabar da ba zan taɓa mantawa da ita ba ko da na so, domin dangina ba su da niyyar bari in manta. Ranar ce na kulle wa kawuna laburare da hannuna, sannan na ɗauki laifin cak na ɗora wa wani bawan Allah da ke zaune a gidansa a Dogon Daji bai san hawa ba bai san sauka ba.

Sai na fara da gabatar da mai laifin. Shekara goma sha ɗaya na yi ina karanta labarai a gidan rediyo a Sakkwato, kafin in dawo gida Tambuwal da aiki. Na shiga rediyo da bakinmu na gida, editanmu ya zaunar da ni wata uku yana goge mini harshe har ya koma daidaitacciyar Hausa tas. Abin ya zauna mini a jini. Duk takardar da ta shigo hannuna, kafin idona ya kai ƙarshen layi alƙalamina ya riga ya gyara ta. (Katin gayyatar ɗaurin auren ƙanena ma sai da na mayar wa mai bugawa sau biyu.) A unguwa Mai Labarai ake ce mini, kuma ina amsawa da jin daɗi.

Shi kuwa Kawu Malam Sahabi ƙanen mahaifiyata ne, malamin Larabci a Kebbe. Ya kusa sittin ya tashi ya shiga digiri na uku. Bincikensa a kan tsofaffin littattafan gidansu ne na rubutun hannu, musamman irin tambarin nan da ke ɓoye cikin takarda, wanda ba a ganinsa sai an ɗaga ta ga haske. Da shi ake gane inda aka yi takardar da kuma zamaninta. Farfesan da ke duba aikinsa ya ce masa akwai wata maƙala ta Turanci a kan wannan, kuma kada ya shigo ofishinsa ranar Litinin sai ya karanta ta. In bai wuce ranar ba, sai zango mai zuwa.

Maƙalar tana cikin wani babban laburare na intanet. Ko dai ka saya gaba ɗaya, ko ka yi hayarta na kwana biyu, ka karanta a allo kawai, ba saukewa. Malam Ladan, abokin karatun Kawu da ke koyarwa a Dogon Daji, shi ya buɗe masa asusu, ya biya masa hayar ranar Alhamis da ƙarfe shida na yamma. Ranar Juma'a sabis ya ɗauke a unguwarsu Kawu. Ranar Asabar bayan azahar sai ga shi a ƙofar gidana a kan babur, jakarsa a rataye, saura awa uku da 'yan mintoci hayar ta ƙare.

"Ɗana, kai nika nema," in ji shi tun kafin ya kafe babur. "Wanga abu ya ƙi ni. An ce kai ka iya."

Na ce, "Kawu, kwantar da hankalinka. Wannan aikin minti biyar ne."

Na shimfiɗa tabarma a inuwar zaure, na fito da kwamfuta da littafina na rubutu. Maƙwabcina Alhaji Mani, wanda ba a buɗe kwamfuta a layinmu bai zo kallo ba, ya jawo kujerarsa. Na buɗe shafin laburaren, na sa sunan asusun, na ce Kawu ya faɗa mini kalmar sirri.

Ya dubi Alhaji Mani, ya dube ni.

Alhaji Mani ya ce, "Malam, faɗi abinka. Ni ko sunana ban iya nemowa cikin wagga na'ura."

"Tumaki fuɗu," in ji Kawu. "A haɗe. Sai bakwai a ƙarshe."

(Tumaki huɗu ya sayar ya biya kuɗin rajistar karatun, shi ya sa ya zaɓi abin da ba zai manta ba.)

A nan na nuna ƙwarewa. Na tambaye shi, harafin farko babba ne ko ƙarami? Ya ce babba. Adadin tumakin, lamba ce ko a rubuce? Ya ce a rubuce. Bakwai ɗin fa? Ya ce ita lamba ce. Harafin "ɗa" mai lanƙwasa ne ko marar lanƙwasa? Ya ce Ladan ya ce na'urar ba ta san lanƙwasa ba. Na rubuta a littafina da kyakkyawan rubutu, na ja layi biyu a ƙasa. Alhaji Mani ya gyaɗa kai ya ce, "Ka ga aikin masu ilimi."

Na buga. Shafin ya ce ba daidai ba.

Na yi murmushi, na ce yatsa ne ya zame. Na sake bugawa a hankali. Ba daidai ba. Na uku na gwada da ƙaramin harafi a farko. Sai jan rubutu ya fito yana gargaɗi cewa saura gwaji biyu a rufe asusun. Kawu ya ce ko in miƙo masa ya gwada da kansa. Na ce, "Haba Kawu, da yatsa ɗaya? Ai ba mu da gwajin ɓatawa." Na huɗu na raba kalmomin. Na biyar na sa lamba a madadin rubutu, na danna da ƙarfin zuciya irin na wanda ya gano bakin zaren.

An rufe asusun na awa biyu. Agogo ya nuna uku da minti ashirin.

Wani mai hankali da a nan zai tsaya ya duba kansa. Ni kuwa sai na shiga bincike. Na buɗe sabon asusu da sunana don in sake biyan hayar, katin bankina ya ƙi biyan kuɗin waje. Na Alhaji Mani ma ya ƙi. (Ashe shi Malam Ladan da katin wani ɗan'uwansa ya biya, mutumin kuma ya yi tafiya.) Na koma asusun Kawu na danna wurin da ake cewa an manta kalmar sirri. Shafin ya ce ya aika saƙo zuwa wani adireshin imel, ya nuna haruffan farko. Na duba da kyau. Sunan Ladan ne.

Na rufe kwamfutar a hankali, na cire tabarau. Na ce, "Kawu, magana ta fito. Asusun nan da imel ɗin Malam Ladan aka buɗe shi. Shi kaɗai ke da ikon canza kalmar sirri. Kuma ku biyu Farfesa ɗaya ke duba ku, ko ba haka ba?"

"Haka na. To amma ni ba ni da imel, shi yas sa yas sa nashi."

"Kawu, ka yi zaman makaranta, ni na yi zaman ɗakin labarai. Na san mutane."

Kawu ya ce in bar maganar. Ban bari ba. Na karɓi wayarsa na kira Malam Ladan, na kuma buɗe murya don kowa ya ji. Bayan gaisuwa na gyara zama, na sauke murya zuwa irin wadda nake karanta labaran ƙarfe bakwai da ita.

"Malam Ladan, bincike ya nuna cewa an canza kalmar sirrin asusun Malam Sahabi ba da saninsa ba."

"Binciken wa?"

"Nawa."

"To, wa yac canza?"

"Alamu sun karkata ga mai imel ɗin da aka buɗe asusun da shi."

Ina jin kukan akuya daga can gidansa. Sannan ya ce, "Ni ke nan. To, kada kowa ya taɓa komai. Ga ni nan tafe." Ya kashe.

Muka yi la'asar. Kawu carbi kawai yake ja yana duban agogon hannunsa. Ni kuwa ina yi wa Alhaji Mani bayanin yadda ake satar asusu a duniyar yau, har da misalai.

Ƙarfe biyar saura kwata Malam Ladan ya iso. Siririn mutum ne, marar hayaniya. Ya kafe babur, ya gaisa da kowa ɗaya bayan ɗaya, har da ni, ya tambayi iyali. Ya zauna ya sha ruwa. Sannan ya fito da wayarsa ya nuna mini akwatin saƙonsa: babu wani canji da aka yi, sai saƙon da ni na jawo da kaina. Ya ce in nuna masa abin da na riƙa bugawa.

Na miƙa masa littafina da alfahari. "Ga shi, harafi da harafi, daga bakin mai shi."

Ya duba. Ya daɗe yana dubawa, fiye da yadda kalma ɗaya ke bukata. Ya ɗago ya ce, "Malam Sahabi, tumaki nawa kas saida?"

"Fuɗu."

"Mai Labarai, mi kaj ji?"

"Huɗu."

"Malam, sake faɗi."

"Fuɗu."

"To ai abin da na ce ke nan," in ji ni. "Huɗu."

Alhaji Mani ne ya fara ganewa. Ya saki wata ƙara ta dariya, ya zame daga kujera, hularsa ta faɗi. Malam Ladan ya juyo mini da littafin, ya ɗora yatsa a kan harafi ɗaya. Ga shi nan da hannuna, a saman layi biyun da na ja: Tumakihudu7. Kunnena ya ji "fa", hannuna ya rubuta "ha", kuma babu wanda ya sanar da ni a tsakaninsu. Ni da aka haifa a garin nan, ni da na yi shekara ashirin ina cewa fuɗu kafin in san ƙofar rediyo.

"Ya gyara maka Hausa, Malam!" in ji Alhaji Mani yana share hawaye. "Ka zo da tumakin Kebbe, ya mai da su na Kano, laburare ya ce bai san su ba!"

Na karɓi littafin na sake dubawa. Kuma don abin kunyar ya cika, sai na ji bakina yana cewa, "Amma ai ma'anarsu ɗaya."

Malam Ladan ya ce, "Gaskiya ta. Sai ka rubuta musu takarda ka yi musu bayani."

Saura kusan rabin awa a buɗe asusun, kuma babu inda zan je, gidana ne. Na ba Malam Ladan haƙuri a gaban kowa. Ya ce ba komai, amma yana roƙon in an tashi karanta labarin a ce "wanda ake zargi", kada a ambaci suna, yana da iyali. Duk wanda ya wuce ta layin, Alhaji Mani sai ya kira shi ya tambaye shi biyu da biyu nawa ne.

Biyar da minti ashirin Kawu ya jawo kwamfutar gabansa. Da yatsa ɗaya, wanda na raina, ya buga yana faɗin kowane harafi a fili. Da ya zo kan "fa" sai ya tsaya ya dube ni, sannan ya danna. Shafin ya buɗe kamar dama jiransa yake.

Maƙalar shafi ashirin da biyu ce, saura minti arba'in. Kawu na karanta Turanci, amma a allo a hankali yake bi. Ya tura mini kwamfutar ya buɗe littafinsa.

"Karanta, ɗana. Abin da ka iya ke nan. Amma abin da anka rubuta za ka karanta, kada ka gyara musu."

Ban taɓa karatu da agogo a kaina irin na ranar ba, ko a rediyo. Ina karantawa, Malam Ladan na cewa a tsallake nan, a tsaya nan, Kawu na rubutu da Larabci da boko a cakuɗe. A shafi na sha huɗu muka iske tambarin da yake nema, irin wanda ke cikin littafin kakansa sak. Ya yi kabbara, ya sa na maimaita sakin layin sau uku, ya zana hoton da hannunsa. Muna shafi na ashirin, ina tsakiyar jimla, allon ya dushe, aka ce lokacin haya ya cika. Shafi biyun ƙarshe, inda marubucin ya naɗe bayaninsa, ba mu gan su ba.

Ranar Lahadi ban ci abincin kirki ba. Litinin da yamma Kawu ya kira ni daga Sakkwato. Farfesa ya amince da babin binciken da ya kai masa, ya ce ya wuce. Amma ya tambaye shi me ya sa bai kawo matsayar marubucin ta ƙarshe ba.

"Me ka ce masa, Kawu?"

"Nac ce mishi ina da ɗa mai ilimi ƙwarai, shi yac cinye min shafi biyu."

Abin da na koya ba shi da yawa, amma na riƙe shi da kyau. In mutum ya faɗa maka kalmar sirrinsa, ba gyara ya kawo maka ba. Yanzu duk wanda ya zo in taimaka masa shiga wani asusu, nakan juya masa kwamfutar, in sa hannuwana biyu a aljihu, in dubi sama har ya gama. Ko da yatsa ɗaya yake bugawa, ya fi ni sanin abin da ya rubuta.