Rasuwar Kwaɗo, Keken Auta

Da zuciyar da baƙin ciki ya cika, da fuskar da na rasa inda zan kai ta, ni mai walda na bakin titi, a madadin kaina da iyalina, nake sanar da 'yan uwa da maƙwabta da abokan ciniki, musamman samarin filin tsalle, rasuwar kekenmu ƙirar BMX wanda aka fi sani da Kwaɗo. Ya rasu ranar Asabar da ta wuce da la'asar, a bainar jama'a, bayan doguwar jinya a hannuna. Daga wuya ya rabu gida biyu. Mai shi, ɗana Auta, yana kansa lokacin da abin ya faru. Ya tsira da ransa, sai dai ya rasa haƙorin gaba, an kuma yi masa ɗinki a haɓa.

Ga waɗanda ba su san marigayin ba, gajeren keke ne mai ƙananan tayoyi da faffaɗan kai, sirdinsa can ƙasa kamar an manta ba a ɗaga ba. Kawun Auta ne ya sayo masa na hannu. Ranar da Auta ya turo shi gida na dube shi sama da ƙasa, na ce wannan ai na 'yan yaye ne, ƙato da kai me za ka yi da shi? Yaron ya hau, ya ɗan ja da baya, ya tsallake kwatar ƙofar gida, keke da mutum duk a sama, ya dire lafiya lau. Mahaifiyarsa ta saki tsintsiya ta ce wannan ai kwaɗo ne, sunan kuwa ya bi shi har ƙarshen rayuwarsa.

Marigayin mai haƙuri ne ƙwarai. Bai taɓa neman mai ba, bai taɓa tada maƙwabci daga barci ba, an jefar da shi a ƙasa ba adadi bai riƙe kowa a zuci ba. Maganarsa kaɗan ce. Idan ana gangara ba a taka feda, tayar baya takan yi tsrrrr, da wannan ƙarar mahaifiyar Auta take sanin ya shigo layi, ta tashi ta zuba masa abinci. Idan ya dire daga sama sai ka ji dif, guda ɗaya, mai tsabta. Babban alherinsa a gidanmu shi ne abin da ya yi wa yaron. Auta mai nauyin baki ne, ba ya ƙwallo, ba ya shiga taro, da in ya dawo makaranta sai ɗaki. Kwaɗo ne ya kai shi cikin mutane, wani fili bayan garejin motoci inda samari suka kafa katako da tudun ƙasa suna tsalle. Shugabansu wani ne da suke kira Dogo, shi ke zaɓen waɗanda za su yi wasa idan an gayyace su taro. Shiga wannan zaɓen shi ne abin da Auta ya sa a gaba, da shi yake kwana, da shi yake tashi.

Dole a shaidi mai shi, ya riƙe amana. Duk ƙarshen mako sai ya kifa keken a tsakar gida, tayoyi a sama. Ya wanke sarƙa da kananzir da tsohon buroshin haƙori, ya ɗiga mata mai, ya kwance boris ya sa giris, ya bi wayoyin taya ɗaya bayan ɗaya yana ƙwanƙwasa su da sifana yana saurare, wadda ta saki ya ɗaure ta. Yana da gwangwanin da yake tara ƙananan sifanu, ba mai taɓa masa. Sai ya ɓata rabin yini a kan abin da ni a ganina ba ya wuce ƙiftawar ido. Ni kuwa sana'ata abu ɗaya ta koya mini: duk ƙarfen da yake motsi, a kama shi da wuta a huta.

Ciwon farko daga fedar hagu ya fara. Ta ɗan saki, Auta ba ya nan, na ce bari in taimaka. Ina juya ta yadda ake ɗaure kowane noti a duniya, sai ga ta a hannuna. Ashe fedar hagu baya-baya ake ɗaure ta, don kada ta kwance in ana tafiya. Ni ina na sani? Na mayar da ita na matsa ta inda na saba, ta ƙi, na haɗa da guduma, haƙoran ciki suka cinye gaba ɗaya. Da na ga abin ya lalace na ja keken zuwa shago na liƙe ta da walda. Da Auta ya dawo na nuna masa ina alfahari, na ce daga yau ka huta da ita. Ya daɗe yana kallon wurin, sannan ya ce to, Baba.

Wannan "to" ita ta cuce ni, don na ɗauke ta yabo. Sirdi ya zame, na kama shi da wuta. Turakun ƙarfen nan da ke gefen taya, waɗanda suke taka su tsaya a kai, ɗaya ya yi girgiɗi, na haɗa shi da notin taya na narke su wuri guda. Tun daga ranar tayar baya ba ta ƙara fita ba, in ta yi faci sai dai a liƙe ta tana jikin keken. Mai faci na kusa da shagona ya ce mini, "Maigida, keken nan fa kwancewa yake so, ba ƙofar gida ba ce." Na ce masa ya ji da gam ɗinsa, ya bar ƙarfe ga masu ƙarfe. Bayan haka Auta ya fara kulle marigayin a ɗakinsa in zai fita. Na lura, raina kuma ya ɓaci, na ce wato ni ake ɓoye wa.

Ciwon ajali ya zo da wata sabuwar murya. Maimakon dif, sai aka fara jin dif, ƙyas. Auta ya bi diddigi har ya gano wani siririn tsagu a wuya, daidai inda bututun ƙasa ya haɗu da na kai. Ina alwala na ji yana gaya wa mahaifiyarsa cewa ba zai ƙara hawansa ba, ranar zaɓe zai ari na wani abokinsa, daga baya ya kai Kwaɗo wurin wani mai walda da ke da injin ƙaramar wuta, irin na siraran ƙarfe. Wani mai walda. Ɗan cikina zai ɗauki aikin walda ya wuce ta ƙofar shagona ya kai wa wani. Ban ji sauran maganar ba, wannan kaɗai ta tsaya mini a rai.

Washegari yana makaranta na karɓi makulli a wurin mahaifiyarsa, na ce zan duba wayar wutar ɗakin. Na kai marigayin shago na ɗora a teburi, na ɗauko kakkaurar wayar waldar da nake haɗa ƙofofi da ita. Bututun keken nan bai fi gwangwanin madara kauri ba. Ina taɓa shi da wuta ya huje. Na cike ramin, gefensa ya huje. Na cike wannan ma. Hannuna ya san abin da ya faru, ƙarfen ya ƙone ya mutu, shekarun da na yi a sana'ar nan ba su bar ni in ce ban sani ba. Amma na goge wurin ya yi sumul, na shafa fenti kalar jikinsa, na mayar da shi ɗaki. Da yamma na ce wa Auta na gyara maka, ba sai ka yi aro ba, kuma ranar Asabar, ranar zaɓen, zan rufe shago in zo in ga wannan tsallen naka. Ya shafa wurin da babban yatsa, ya ɗago ya dube ni. Ya ce, "Na gode, Baba."

Ban taɓa zuwa filin ba sai ranar. Na sa wankakkun kaya, na tsaya cikin mutane ina gaya wa na kusa da ni cewa wancan ɗana ne. Abokin da zai ba shi aro yana nan da kekensa, na ga ya tura masa, na ga Auta ya waiwayo inda nake, ya girgiza kai. Ya hau Kwaɗo. Ya taho da gudu, ya hau katakon, ya tashi sama ya juya kan keken ya mayar da shi daidai, wallahi ban san ɗana ya iya haka ba. Saukarsa ba ta da aibu, tayoyi biyu suka taɓa ƙasa tare. Kalmar marigayin ta ƙarshe ita ce ɓas. Kai da tayar gaba suka yi gaba, sauran jiki ya tsaya, yaron ya daki ƙasa da fuska.

Abin da ya biyo baya shi ne ya hana ni sakat. Auta ya miƙe jini yana zuba a haɓarsa, ya tuɓe rigarsa. Na zaci bakinsa zai toshe da ita. Wuyan keken ya je ya naɗe da ita, ya rungume guntayen biyu tun kafin Dogo ya iso. Dogo ya ce bari in ga inda ya karye. Yaron ya ce, "Ba sai ka gani ba, ni na dire da tayar gaba. Laifina ne." Dogo ya ce wanda saukarsa ke karya keke bai isa fita taro ba tukuna, ya je ya ƙara koyo. Ina tsaye, tsakanina da su bai fi tsawon ƙofa ba. Akwai mutanen da na yi wa tagogi a wurin, akwai wanda ya ba ni aikin ƙofar sabon gidansa. Na dube su, na dubi ɗana, bakina ya ƙi buɗuwa. Na tare mota na kai shi asibiti.

Marigayin ya bar tayoyi biyu masu sauran rai, da fedoji, da sirdi, da turaku. A al'adar filin, keke in ya mutu akan kwance kayansa a raba wa masu bukata, wannan ya samu feda, wancan ya samu wili. Muna baƙin cikin sanar da magada cewa babu rabon gado, domin na liƙe kusan komai a jikin mamacin. Sarƙa ce kawai da robar hannu suka kuɓuta daga gare ni. Ya kuma bar gwangwanin sifanu da ba a buɗe ba tun ranar, da mahaifiyar Auta wadda yanzu sai ta ga yaron a tsakar gida take sanin ya dawo. Ya bar Auta, wanda ya koma ɗaki. An ce a filin har suna sun sa masa saboda yadda ya faɗi, ban tambayi sunan ba, ba zan iya ji ba.

Mahaifiyarsa ta tambaye ni ko ni na ce masa ya yi ƙarya. Na ce Allah ya kiyaye. Ta ce, "To shirun da ka yi fa, me ka ce masa da shi? Yaron ya san shagon nan ne yake ci da mu, shi ya sa." Ban taɓa jin kunya irin ta wannan rana ba, ina faɗa ba tare da kwana-kwana ba. Ɗana ba faɗuwa ya yi ba, ni na kayar da shi.

Za a yi jana'iza ranar Asabar mai zuwa da hantsi, a ƙofar shagona. Za a ɗora gawar a kan teburi, a inda nake jera ƙofofin da nake tallatawa, wuyan yana kallon titi, zan kankare fentin da hannuna don kowa ya ga ɗinkin waldar da na yi. Ba a bukatar kujeru, ba kuma za a raba komai ba. Mai sayen tsofaffin ƙarafa zai zo ya ɗauke shi kafin azahar. Duk abokin cinikin da ya gani ya janye aikinsa, ba zan ce ya yi laifi ba. Ana roƙon Dogo da jama'arsa su daure su halarta, shi Dogo ya sa yatsa a wurin ya duba da kyau, sannan ya sake ba yaron nan dama ya yi tsallensa a kan keken da ban taɓa ba.

Matsala ɗaya ta rage. Gawar tana ƙarƙashin gadon Auta, har yanzu a naɗe da rigarsa, na roƙe shi ya ba ni ya ce ya riga ya zubar. Idan kun zo kun tarar da teburin babu komai, to ya ƙi sakinta ne, yana nan yana rufa mini asiri. Kada ku tafi. Ku tsaya, zan faɗa da bakina.